Ku Dubi Haƙoransa, Ku Faɗi Sunansa

Kwalayen kifin ado sukan iso ne da tsakar dare ko gab da asuba, daga Jakarta ko Bali ko Manila, bayan sun sha doguwar tafiya a jirgin sama. Cikin kowane kwali ledoji ne ɗaure da roba, ƙasa ruwan teku, sama iskar oksijin. Maigida yana gida yana barci, masu saye ba su ma ji labarin kaya sun sauka ba. Ku ne a tsaye kuna kwance leda ɗaya bayan ɗaya, bayanku na ciwo, hannuwanku sun yi yaushi don ruwan gishiri. A irin wannan dare ne akan ci karo da wani dogon kifi mai siffar maciji, ya naɗe a ƙasan leda yana buɗe baki yana rufewa, a takardar kaya kuwa abin da aka rubuta masa kawai shi ne "morai, gauraye". Wanda ya rubuta haka bai san ko wane iri ne ba. Ya turo muku ne ku gane.

To da ku nake, 'yan'uwa: yaran shagunan kifin ado, da masu wanke tankunan gilashi a otal-otal da gidajen masu hali, da masu ciyarwa a manyan gidajen kifi na 'yan kallo. Ko kuna Legas, ko Dubai, ko Jidda, ko Bur Sudan a bakin Bahar Maliya inda Hausawa suka kafu tun zamanin tafiya hajji a ƙasa, maganar ɗaya ce. Na san ana ce muku masu wankin gilashi, kuma na san yadda ake faɗin haka, da ɗan taɓe baki. Kada ku karɓi wannan raini. Tsakanin tekun da aka kamo kifin nan da tankin da zai ƙare rayuwarsa a ciki, ku ne mutane na ƙarshe da za su iya faɗin ko wane ne shi, kuma a kan wannan sunan ransa ya rataya.

Ga dalili. Dangin morai sun kai kimanin iri 200. Ƙaramin cikinsu bai wuce santimita 12 ba. Babban, wanda masana ke kira Gymnothorax javanicus, yakan kai mita 3 da nauyin kilo 30, akwai kuma wani siriri, Strophidon sathete, da aka auna ya doshi mita 4. Amma babu mai ɗora ƙaton kifi a jirgi, don haka dukkansu da ƙuruciya suke zuwa muku, tsawon taƙi ɗaya ko biyu, kowa da kyansa. Ɗan rawayan nan Gymnothorax melatremus, in ya kai santimita 30 ya gama girma, zai zauna lafiya a madaidaicin tanki. Wanda ke ledar kusa da shi mai zanen saƙar zuma, Gymnothorax favagineus, yau tsawonsu ɗaya, amma shi yana kan hanyar haura mita ɗaya da rabi, wasu ma su wuce mita 2. In kuka sayar wa mai tankin lita 200 shi, kun sayar masa da abin da zai cinye sauran kifayensa ɗaya bayan ɗaya, ya cika ruwan da ƙazanta fiye da ƙarfin matata, daga baya a dawo muku da shi a bokiti ana faɗa.

Abin farko, ku tabbata morai ɗin ne. Morai ba shi da fiffike a gefen ƙirji, ba shi da na ciki, ba shi da ɓawo a fata sai yauƙi, kafar numfashinsa kuma ɗan rami ne zagayayye a bayan kai. Akwai wani ɗan'uwansa na nesa mai zoben baƙi da fari, Myrichthys colubrinus, wanda bakin wutsiyarsa tsini ne mai tauri, da shi yake haƙa yashi ya shige da baya. Wannan yashi mai kauri yake bukata, ba kogon dutse ba. Shi kansa ya ɗauki kamannin wani macijin teku na gaske mai dafi. Macijin yana da ɓawo, wutsiyarsa faffaɗa ce, kuma dole ya taso sama ya shaƙi iska. In kun ga waɗannan alamu uku, ku janye hannu ku kira na gaba da ku.

Daga nan ido zai ja ku zuwa launi, kuma a nan mafi yawan mutane ke faɗuwa. Launi a wannan dangi maƙaryacin shaida ne. Ku ɗauki siririn nan mai kama da ƙyalle, Rhinomuraena quaesita. Yana ƙarami baƙi ne wuluk da ratsin rawaya a gadon baya, ya girma ya koma shuɗi mai sheƙi, can gaba ya rikiɗe rawaya. Masana da kansu sun daɗe suna ɗaukar baƙin da shuɗin a matsayin iri biyu, kowanne da sunansa a littafi, kafin a gane kifi ɗaya ne a shekaru daban-daban. In masu digiri sun ruɗe shekara da shekaru, ba abin kunya ba ne yaron shago ya tsaya ya sake duba. Echidna polyzona yana zuwa da zobba fes, in ya tsufa su dusashe har ka rantse wani ne. Gymnothorax miliaris na tekun Karibiyan da gaɓar Barazil a bisa al'ada ruwan ƙasa ne mai ɗigo-ɗigon zinariya, amma akan samu wanda ya fito rawaya kusan gaba ɗaya, 'yan kasuwa su laƙaba masa sunan ayaba su ninka kuɗi, alhali iri ɗaya ne. Ƙaton koren nan na tekun Atlantika, Gymnothorax funebris, fatarsa ma ba kore ba ce. Yauƙi ne rawaya a kan fata mai duhu, ido ya haɗa su ya ga kore.

Shaidar da ba ta ƙarya tana cikin baki. Dillalin da ya san aikinsa a kara ba ya tsayawa kan ƙibar rago ko sheƙin gashinsa, sai ya buɗe masa baki ya duba haƙora. Ku ma haka, sai dai ku an rage muku wahala, don morai da kansa yake buɗe baki yini da dare. Jama'a na ganin haka su ce barazana yake yi, nan kuwa numfashi ne: da buɗewa da rufewar yake tura ruwa ya bi ta kafar numfashinsa. Ku durƙusa a gaban gilashi, ku haska daga gefe ba cikin idonsa ba, ku yi haƙuri ku duba.

In kun ga gajeren baki mai dunƙulallen hanci, haƙora dakusassu irin turame, wannan mai fasa ƙaguwa ne. Nan za ku sami Echidna nebulosa, fari mai dabbare-dabbaren baƙi da rawaya da 'yan kafofin hanci rawaya, wanda ya fi kowa yawa a shaguna. Nan kuma za ku sami Gymnomuraena zebra mai zanen jakin dawa, wanda yakan kai mita ɗaya da rabi amma da wuya ya kula kifin da ke wucewa ta gabansa, shi dai a ba shi ƙaguwa da jatan lande da bushiyar teku ya murƙushe. Irin waɗannan ana iya haɗa su da kifaye, amma duk wani jatan landen ado mai tsada da ke tankin, a yi masa ban kwana. Echidna nebulosa ma in ya girma yakan lallaɓa ya cafke ƙaramin kifi da dare, kada ku yi wa mai saye rantsuwa a kansa.

In kuwa kun ga dogon baki mai fiƙoƙi masu tsini sun karkata baya, har da wasu dogaye a tsakiyar dasashin sama, maharbin kifi ne, kuma yawancin masu sunan Gymnothorax nan suke. Duk kifin da zai shiga bakinsa abinci ne, ko da sun yi wata shida suna zaune lafiya. Akwai kashi na uku da muƙamuƙansu suka lanƙwashe har baki ba ya rufuwa, haƙora na waje ko da ya yi shiru. Waɗannan su ne Enchelycore, kuma sarkinsu a kasuwa Enchelycore pardalis ne na tekun Japan da Hawai, ja da fari da baƙi, mai dogayen bututun hanci biyu tsaye a saman ido. Kuɗinsa ya isa a ce kuskure a kansa ya ci albashin wata da watanni.

Tun da kuna duban baki, ku lura da launin cikinsa. Gymnothorax nudivomer, wanda ake samu a Bahar Maliya, cikin bakinsa rawaya ne shar, kuma yauƙin jikinsa na da guba. Gymnothorax meleagris cikin bakinsa fari ne fat. Daga waje dukansu masu fararen ɗigo ne a kan duhu, sai sun buɗe baki ake raba gardama. Ku na Jidda da Bur Sudan, akwai naku na gida, Gymnothorax griseus, fari-fari mai kai ruwan toka da layukan ƙananan baƙaƙen ɗigo a fuska, ba ya wuce kimanin santimita 65. Sannan ku bi gadon baya ku ga inda fiffike ya faro. A yawancinsu tun daga wajen kai yake tashi, amma a ɓangaren Uropterygius sai can bakin wutsiya za ku tarar da shi.

Kada dai alama ɗaya ta ishe ku. Baƙin tabo a kafar numfashi yana jikin ɗan ƙaramin melatremus, yana kuma jikin ƙaton javanicus, yana jikin Gymnothorax flavimarginatus ma. Wanda ya riƙe wannan tabo kaɗai zai iya sayar da kifin mita 3 da sunan na santimita 30. Sai alama uku ko huɗu sun haɗu, haƙori da hanci da fiffike da zane, sannan a tambayi daga wane teku kwalin ya taso. Kifin Karibiyan ba ya fitowa daga ragar masuncin Bali. In takarda ta ce haka, ko dai an cakuɗa kaya a hanya, ko sunan da kuke zato ba shi ba ne.

Akwai wata tsohuwar ƙarya a kasuwar nan da nake so ku ne za ku kashe ta. Ana sayar da Gymnothorax tile da sunan morai na ruwan daɗi. Francis Hamilton ne ya fara bayyana shi a 1822 daga yankin kogin Ganga na Indiya, kuma mazauninsa bakin kogi ne inda ruwan daɗi ke gauraya da na teku. A zuba shi a ruwan famfo zalla, zai yi 'yan watanni yana lallaɓawa, ya daina cin abinci, ya rame, ya mutu, mai shi yana ta sauya masa abinci bai san gishiri ne babu ba. Magana ɗaya daga bakinku a ranar ciniki ta isa ta hana wannan.

Ku kula da hannuwanku kuma, don da su kuke ci. A 2007 Rita Mehta da Peter Wainwright na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna wa duniya, a mujallar Nature, cewa morai na da muƙamuƙi na biyu a cikin maƙogwaro, mai nasa haƙoran. Idan na waje ya kama, na cikin sai ya zaburo gaba har cikin baki, ya damƙi abincin ya ja shi ciki. Ga shi ganinsa rauni gare shi, da hanci yake farauta, ba ya bambanta yatsan da ya taɓa jatan lande da jatan landen kansa. Ku ciyar da dogon hantsaki ko sanda, ko da kun shekara da shi, ko da ya saba fitowa in ya ji motsinku. Wanda aka ciza ya wanke ciwon sosai ya nufi asibiti, kada ya tsaya jarumtaka. Ita Mehta ɗin dai ta sake fitar da wani bincike a 2021, inda aka koya wa Echidna nebulosa hawa gangare ya fito da kai daga ruwa ya haɗiye abinci a sarari. Kifin da ke iya wannan, ramin da wayar famfo ke bi a jikin murfi ƙofa ce a wurinsa. Ku toshe kowace kafa, ku danne murfin da nauyi, ku ajiye masa guntun bututun roba da zai shige ya natsu.

Wani zai ce wannan ilmi na masu farin kaya ne a jami'a, ina ruwan mai goge gilashi. Ku tambaye shi daga ina masu farin kayan suka samo shi. Peter Forsskål, almajirin masanin halittu Linnaeus, ya sauka Jidda a 1762 cikin tawagar da sarkin Denmak ya tura ƙasar Larabawa. Wurin masunta ya je, ya karɓi kifi, ya tambayi suna, ya rubuta. Zazzaɓi ya kashe shi a Yarim ta ƙasar Yaman a 1763 yana da shekara 31, abokin tafiyarsa Carsten Niebuhr ya buga rubuce-rubucensa a 1775. Har gobe kifin nan mai ratsi da kuke sayarwa, Acanthurus sohal, sunan da masuntan Bahar Maliya suka faɗa masa yake ɗauke da shi a kowane littafi na duniya. Pieter Bleeker, wanda ya raɗa wa ƙaton morai javanicus suna a 1859, likitan soja ne a Batabiya, wato Jakarta ta yau, daga 1842 zuwa 1860, kuma kifin da masunta suka kawo kasuwa na cikin abin da ya gina aikinsa a kai. A watan Disamba na 1938 a garin East London na Afirka ta Kudu, wani kyaftin ɗin jirgin kamun kifi, Hendrik Goosen, ya ware wani baƙon kifi shuɗi daga cikin kamunsa, ma'aikaciyar ƙaramin gidan tarihi Marjorie Courtenay-Latimer ta duba ta ce wannan ba na yau da kullum ba ne. Ashe irin kifin da masana suka ɗauka ya ƙare tun shekara miliyan sittin da wani abu ne. Ba ta da digiri a fannin. Ido take da shi, da taurin kai na ƙin jefar da abin da ba ta gane ba.

Kuma littafin bai rufe ba. A 2019 David Smith da abokan aikinsa suka sake bitar morai na Bahar Maliya, tekun da aka shafe sama da shekara 250 ana bincikensa, sai ga sabon iri, suka sa masa suna Gymnothorax pharaonis. Su masanan, idan kamanni ya rikice musu, hoton ƙashi suke ɗauka su ƙirga gaɓoɓin ƙashin baya, ko su gwada ƙwayar halitta. Ba ku da waɗannan na'urori, gaskiya ne. Amma yawancin abin da ke gabansu gawa ce a cikin kwalba, launi ya kwaranye. Ku kuwa mai rai ne a gabanku, safe da yamma, kuna ganin abin da ya ci da abin da ya ƙi, da lokacin da yake fitowa, da yadda zanensa ke sauyawa wata bayan wata. Ku sayi ɗan littafi ku riƙa rubutawa. Ku ɗauki hoto da waya: kai daga gefe, baki a buɗe, kafar numfashi, bakin wutsiya, da jiki gaba ɗaya kusa da abin awo. Ku gwada da hotuna da bayanan shafin FishBase, kyauta ne ga duk mai intanet. Sunayen Latin ɗin za su yi muku nauyi a baki mako na farko, kamar yadda suka yi wa kowa. Ku faɗe su a karkace, ba komai, wanda ke Manila da wanda ke Landan duk za su gane kifin da kuke nufi, abin da sunan kasuwa ba ya iya yi.

In kun duba kun sake dubawa bai fito ba, ku ware shi a tankinsa shi kaɗai, gishiri giram 35 a kowace lita, zafin ruwa tsakanin digiri 24 da 26, ku rubuta a gilashin "ba a tantance ba tukuna". Kada a zuba masa maganin da ke da sinadarin jan ƙarfe irin wanda ake yi wa sauran kifi, marar ɓawo ba ya jure shi sosai. In ya ƙi abinci kwana da kwanaki bayan tafiya, kada hankalinku ya tashi, sukan yi haka. Ku aika hotunan ga sashen kifi na wani gidan tarihi ko jami'a, da kwanan wata da ƙasar da aka kamo shi.

Ku tuna kuma ba a kiwon morai a gona don kasuwa. Jaririnsa siriri ne, garai-garai, yakan yi watanni yana yawo a tsakiyar teku kafin ya sauka kan murjani. Kowane ɗaya da ke tankinku, wani ɗan'uwanku ma'aikaci ne ya nutsa ya kamo shi, wani ya ɗaure ledar, wani ya yi dakon kwalin. In ya mutu a mako na uku don an sa shi inda bai dace ba, guminsu duka ya tafi a banza tare da naku.

Saura mai wuyar, wato tsayawa gaban mutum. Alhaji zai shigo da kuɗi a aljihu, idonsa ya faɗa kan shuɗin nan mai kama da ƙyalle, ko kan ɗan mai saƙar zuma, ya ce a sa masa a leda. Maigida na gefe yana murmushi. Nan ne za ku gyara tsayuwa ku ce, "Ranka ya daɗe, shuɗin nan yawancinsu ƙin cin abinci suke yi a tanki har su mutu. Bari in gwada shi a gabanka, in bai ci ba kada ka saya." Ku ce, "Alhaji, wannan ƙaramin da kake gani zai fi ka tsawo ko ya kusa, lita nawa ne tankinka, kuma su wa ke ciki?" Wataƙila maigida ya harare ku. In baƙo ya fita, ku same shi cikin ladabi ku ce, "Maigida, da a dawo mana da gawa a bokiti gara a dawo a sayi abinci duk wata." Ɗan kasuwa ne, zai yi lissafin. Shi kuwa Alhaji kada ku bar shi ya tafi hannu rabbana. Ku ja shi gaban mai zanen jakin dawa ko mai dabbare-dabbare, ku miƙa jatan lande a hantsaki ya ga yadda ake murƙushewa, ku nuna masa turamen da ke bakin, ku tambaye shi ko tankinsa na da murfi, sannan a yi ciniki.